Cinikin Biri A Sama: Raddi Ga Masu Cewa "Sayi Ta Kwali Ka Huta"

 Yau dai ba da sanyin rai na zauna rubutu ba, don haka duk wanda maganata ta sosa masa rai ya yi haƙuri. Ba da mutum nake ba, da wata ɗabi'a tamu nake.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar muna zaune a majalisa, sai wani yaro ƙanen abokina ya zo neman shawara. Yaron ya gama sakandare bara, ya fi shekara yana zuwa wurina koyon zanen kwamfuta mai siffa uku, wato wanda ake kira 3D, kuma Allah ya ba shi hannu. Mahaifinsa, mai sayar da busasshen kifi a Tashar Baga, ya tattara abin da ya tattara ya ce ga jari nan, a je a sayi kwamfuta yaro ya kama sana'a. Tambayar yaron ɗaya ce: ya sayi haɗaɗɗiya, ko ya sayi kayan cikin ɗaya-ɗaya a haɗa? Kafin in buɗe baki mutum huɗu sun ba shi amsa. "Sayi laftof ta kwali ka huta." "Haɗe-haɗe ai aikin 'yan jari-bola ne." "Baturen da ya ƙera ta ya fi ka sanin abin da ya dace da ita." Cikin huɗun nan babu wanda ya taɓa kwance noti ɗaya a jikin kwamfuta, ɗayansu ma ko imel ɗinsa sai an buɗe masa. Na yi shiru saboda akwai yayyena a wurin, amma shirun ya hana ni barci.

Bari in fara da bayanin aikin, domin yawancin masu ba da shawarar ba su san me ake so kwamfutar ta yi ba. Zanen 3D ya sha bamban da gyaran hoto a waya. Za ka gina abu a cikin manhaja, kwalbar turare ce, gida ne, hular zanna bukar ce, ka ba shi launi, ka kunna masa fitilun ƙarya, ka ajiye kyamara inda kake so. Duk wannan jera kayan miya ne kawai, ba a ɗora tukunya ba tukuna. Dahuwar ita muke kira renda: kwamfuta za ta bi hasken nan tana lissafin inda ya faɗa, inda ya dawo, inda ya ratsa gilashi ya karkace, ɗigo bayan ɗigo har hoto ya nuna. Mafi yawan masu ba ni aiki mata ne masu sayar da humra da turaren wuta, sai magina masu son su nuna wa mai gida gidansa kafin a ɗora bulo ɗaya. To, babu abin da ke wahalar da kwamfuta kamar gilashi da hayaƙi, su kuwa su ne kasuwar garin nan. In kuma talla ce mai motsi, kowace daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce. Tallar daƙiƙa 30 hoto 720 ke nan. In kowane hoto ya ci minti 2, awa 24 cur kwamfutar tana aiki da dukkan ƙarfinta ba hutu. In ya ci minti 5, awa 60, kwana biyu da rabi, ga Hajiya tana bugo waya tana tambayar ina aikinta.

Lokacin da kamfanin Pixar ya yi fim ɗin Toy Story a 1995, kwamfutoci 117 suka jera domin wannan dahuwa. Shekara talatin bayan nan, a Maris na 2025, wani fim mai suna Flow daga ƙasar Latbiya, wanda Gints Zilbalodis ya shirya, ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane, alhali da Blender aka yi shi, manhajar da kowa ke saukewa kyauta, irin wadda ke cikin kwamfutata yanzu haka. Wato manhaja kyauta ce, darasi yana nan a YouTube, jarin ɗan talaka guda ɗaya ne tak, ita kwamfutar. In aka yi kuskure a nan, an yi asarar duka.

Ni na yi wannan kuskuren, shi ya sa nake da bakin magana. Ƙarshen shekarar 2022 Baba ya ba ni kuɗi, na je wani shago da ba zan ambaci sunansa ba na sayo laftof ta hannu irin ta masu wasan gem, mai fitilu masu launi a ƙarƙashin madannai. Wallahi ranar har zagaye na yi da ita a unguwa. Lokacin sanyi ne, ta yi aiki lafiya lau. Sai ga daren 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye Kasuwar Monday, shagon shaddar Baba yana ciki. Daga ranar ɗan abin da nake samu a zane ya shiga cikin cefanen gida. Da Afrilu ta kama, zafi ya haura digiri 40 kamar yadda ya saba, fankar laftof ɗin ta riƙa ihu kamar jirgi zai tashi. Na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa, na jera mata ledojin fiya wata masu sanyi a gefe, duk da haka sai ta kai hoto na ɗari uku ta mutu da kanta. Cikin Mayu fuskarta ta yi zane-zane kamar tabarma, daga nan ba ta sake tashi ba. Mai gyara ya buɗe ya ce ƙwaƙwalwar hoton ce ta ƙone, kuma a like take da babban allo, wanda suke kira bod, sai dai a canja allon gaba ɗaya, kuɗinsa kuwa ya kusa na wata laftof ɗin. Gilashinta lafiya, madannanta lafiya, batirinta lafiya, amma abu ɗaya ya mayar da su duka gawa.

Da na gaya wa Baba bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Cewa ya yi, "Kai da ka tashi kana ganina ina warware shadda yadi-yadi ina ɗaga ta a rana kafin in biya, ka je ka sayi abin da ba a buɗewa?"

Wannan tambaya ita nake mayar wa majalisarmu. Mu 'ya'yan fatake ne. Kakana ya zo garin nan daga ƙasar Kano 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya iso a 1964, da huhun goro ya zo, kuma ba a taɓa jin ya biya kuɗin huhu bai kwance ya zura hannu har ƙasa ba. Maƙwabtanmu Barebari da ke kiranmu Afuno, ko cikin tsokana sun yarda cewa ba a yi wa Bahaushe wayo a ciniki. Mai kifi yana karya kifi ya sansana, mai wake yana soka buhu ya duba ƙwari, dillalin shanu yana buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora. Amma da an zo kan kwamfuta sai mu ajiye duk wannan gadon a bakin ƙofa, mu karanta sunan da aka manna a jiki, mu miƙa kuɗi. Cinikin biri a sama ke nan.

Kuma sunan ma yaudara gare shi. Ɗauki katin hoto, wanda shi ne zuciyar wannan sana'a, misali RTX 3060 na kamfanin Nvidia da ya fito a 2021. Na kwamfutar tebur da aka fara fitarwa yana da ma'ajiyar kansa ta GB 12, yana jan wuta wat 170. Na cikin laftof, da suna iri ɗaya sak, GB 6 gare shi, kuma an shaƙe masa wuta tsakanin wat 60 zuwa 115 gwargwadon yadda mai ƙera laftof ɗin ya ga dama, ba kuwa za ka ga an rubuta maka wannan da manyan haruffa a kwali ba. Kamar a ce maka shadda ce, a ƙi gaya maka Getzner ce ko ta bakin titi. Ma'ajiyar nan ita ce faifan da katin ke baza zanenka a kai. In zane ya fi ƙarfinta, ko renda ta tsaya cik, ko ta koma tafiyar hawainiya. Har babban yayansu RTX 4090, na laftof GB 16 ne da ƙwaƙwalwar ƙaninsa 4080, na tebur kuma GB 24. Wa ya gaya wa mai kifi wannan?

Wasu za su ce to a bar laftof, a sayi ta tebur haɗaɗɗiya, irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk na hannu da suka cika kasuwa, ga araha ga suna. Ba na kushe su, jakuna ne masu juriya a aikin da aka yi su dominsa, ofis da shagon buga takardu da cibiyar jarrabawar JAMB. Amma ƙananan cikinsu akwatin wutarsu bai cika wuce wat 180 zuwa 260 ba, ba shi da wayar da babban katin hoto ke buƙata, sau da yawa kamfanin ya yi masa siffa da soket irin nasa shi kaɗai ta yadda na kasuwa ba zai shiga ba, gidan kuma matsattse ne. Ka sayi ɗaki ne da ba a ƙara masa soro. Sannan a kula da kalmar nan "Core i7" da 'yan kasuwa ke ja da ƙarfi kamar suna kiran sarauta. Akwai i7 na 2012, irin 3770, shi ma i7 ne. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar masarrafar Intel da ta gaza zubi na takwas sai 'yan kaɗan. Ina kuke zaton tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka suke dosa in an kwashe su? Ikeja da Alaba, daga can Kano, daga Kano mu.

Ni kuwa bayan mutuwar laftof ɗina ba ni da wanda zan roƙa. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a Yuni, komai ya tashi, kafin a ankara dala ta haura 1,500 a farkon 2024. Shi ya sa ba zan kawo farashin komai a nan ba, na safe daban na yamma daban. Abin da na yi shi ne na koma irin ginin iyayenmu: yau bulo ɗari, in an samu a ƙara kwano. Na fara da akwatin wuta mai kyau. Gidan kwamfutar na saye shi a wurin wani da ya rufe shagon intanet ɗinsa. Sai allo mai soket AM4 na kamfanin AMD, sai masarrafa ta hannu mai araha wadda ke iya nuna hoto da kanta, na fara karɓar ƙananan ayyuka da ita. Katin hoto shi ne na ƙarshe, wata bakwai na yi ina tara kuɗinsa. Dalilin zaɓen AM4 kuwa, soket ne da ya fito tun 2016, kuma alluna da yawa masu shi suna karɓar masarrafa tun daga Ryzen na farko har zubin 5000 in an sabunta musu manhajar ciki. Da na samu hali na zare tsohuwar masarrafar na sayar, na cika na sa Ryzen 5 5600, sauran kayan ko motsi ba su yi ba. Fanka ta taɓa mutuwa, na canja ta da kuɗin da bai kai na abincin rana biyu ba. In hazo ya sauko, duk sati biyu nakan kwance noti biyu in zare murfin gefe in busa ƙurar. Je ka gwada wannan da laftof mai noti goma sha da igiyoyi sirara kamar gashi.

Yanzu bari in yi wa abokan gardamata adalci, domin suna da hujjoji biyu masu nauyi, ko da yake ba su suka kawo a majalisa ba.

Ta farko wuta. Wanda ya zauna a garin nan a 2021, lokacin da aka fasa turakun layin Damaturu a Janairu, aka gyara a Maris aka sake fasawa cikin 'yan kwanaki, muka shafe watanni cikin duhu, ba za a koya masa darajar batir ba. An buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023, an ɗan samu sauƙi, amma har yau ba mai hankalin da zai ɗora aikin awa 24 a kan wutar gari shi kaɗai. To, laftof tana da batir, ta tebur ba ta da shi, magana ta ƙare? Ba ta ƙare ba. Batirin laftof mafi girma ba ya kai awar-wat 100, saboda ƙa'idar shiga jirgin sama da shi. Laftof ɗin da ke renda tana iya jan wat 150 ko fiye. Yi lissafi da kanka, ko awa ɗaya ba za ta kai ba, kuma da an zare ta daga wuta ita da kanta take rage gudu. Batirin nan na rubutu da kallon fim ne. Duk wanda zai yi renda a Maiduguri, ko wace iri ya saya, sai ya tanadi sola da inbata da batir, don haka gara tun farko a raba jarin a sa kuɗin wuta a ciki. Tawa tana jan kusan wat 300 in tana tsakiyar aiki, awa shida awar-wat 1,800 ke nan, bai kai yunit biyu ba. Ina yin gini da tsari da dare lokacin da ba ta cin wuta sosai, in ɗora dahuwa daga hantsi zuwa la'asar a kan rana, wadda ita kam ba a taɓa yi mana rowarta ba. Na kuma rage wa katin wuta zuwa kashi 70 cikin 100, gudun da na rasa kaɗan ne, zafin da na rage mai yawa. Kuma ina sa Blender ta ajiye kowane hoto daban, in wuta ta yanke a na 400, daga 401 zan ci gaba.

Hujja ta biyu ta fi taɓa ni. Laftof ana rungumarta a gudu. Mu 'yan Jiddari Polo mun san gudu: Yunin 2017 cikin azumi, ina ɗan makaranta, da Afrilun 2018, mun fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Sannan daren 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mutanen Gwange da Fori da kewayen fadar Shehu suka farka cikin ruwa. Ba zan ce wa wanda ya ga wannan ya manta ba, kuma a nan laftof ta fi, na yarda. Abin da kawai zan ce, dukiyar mai zane tana cikin ma'adanar aikinsa, irin ta yanzu kuwa ba ta fi tsawon yatsa ba, sai ka ajiye kwafi a wata ta waje da ke shiga aljihun riga. Wani abokin sana'ata a Gwange kwamfutarsa ta kwana uku a ruwa. Muka wargaza ta, muka jefar da akwatin wutar, allon ma bai tashi ba, amma masarrafa da ram suka rayu bayan an wanke an shanya, a kansu ya sake gini. Laftof ɗin ƙanwarsa da ke ɗaki ɗaya, ko noti ba a mora ba.

Maganar garanti kuwa dariya take ba ni. Takardar tana aiki ga wanda ke Legas. Mu muna ƙarshen hanya, Kano kusan kilomita 600, Legas ta haura 1,500. Ka aika laftof ɗinka ta yi wata biyu, sana'arka ta tsaya. In kati ne ya samu matsala, shi kaɗai zai hau mota, kai ka ari na aboki ka ci gaba.

Ba kuma ina cewa duk mai haɗawa waliyyi ne ba. Akwai masu kiran kansu injiniya da za su sa maka akwatin wuta na jabu an rubuta wat 650 a jiki, ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, shi ne kuma ke ƙone komai rana ɗaya. Akwai katunan da aka tatse su shekaru ana haƙar kuɗin intanet da su dare da rana, waɗanda suka malalo kasuwa bayan Ethereum ta daina wannan tsarin a Satumbar 2022. Wasunsu lafiya lau, wasu saura ƙiris, maganinsu a kunna a gabanka a ɗora masa renda mai nauyi awa guda kana kallon zafinsa kafin kuɗi ya bar aljihunka. Ram ma ta yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025 saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi wawarta, sai dai wannan ya shafi ta kwali ma, a ɓoye cikin farashinta. Ɗalibin Jami'ar Maiduguri da ke yawo tsakanin aji da hostel, da mai yin katin biki da CorelDRAW ko Canva, ba da ku nake ba, ku sayi laftof ɗinku lafiya.

Abin da na kasa faɗa a majalisa saboda kunyar manya shi ne, rabin son laftof ɗin nan son a gani ne. Ana rataya ta a kafaɗa, ana buɗe ta a gaban mutane, a ce ɗan wane ya zama injiniya. Ta tebur baƙin akwati ce a lungun ɗaki, ba mai ganinta sai gizo-gizo. Na san haka domin ni ma zagayen unguwar da na yi a 2022 ba renda na je yi ba.

Jiya da safe na je Tashar Baga na samu mahaifin yaron a rumfarsa, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa duk wannan iyakar iyawata. Ya saurara yana jera kifi a kwali, can ya ɗago ya ce, "Ɗana, in ta lalace wa zai gyara?" Na ce, "Baba, shi da kansa, domin shi zai haɗa ta da hannunsa, ni tsayawa kawai zan yi a kansa." Ya yi shiru, sannan ya ce a raba kuɗin uku, kashi ɗaya a bar masa a hannunsa sai ya ga fanka tana juyawa. Mun yi da yaron ranar Litinin za mu bi motar safe zuwa Kano, mu sauka wurin Baffana a Fagge, washegari mu shiga Titin Beirut. Na ce ya zo da filas ɗinsa da zanen kwalbar humrar nan da ya yi, mai hayaƙi a bayanta, da ita za mu gwada duk katin da aka miƙo mana.